Ajina ya haura mutum tamanin, tattaunawa a rubuce cikin shiru za ta yiwu kuwa?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni malamar kimiyya ce a JSS 2, makarantar jeka-ka-dawo ta gwamnati, maza da mata a haɗe, kuma ajina ya haura mutum tamanin. Matsalata ita ce in na yi tambaya yara biyar ko shida ne kullum ke ɗaga hannu, su ɗin dai su ɗin dai, matan kuwa ko ɗago kai ba sa yi. A wata bita da aka yi mana an ambaci wata dabara wai a ba yara takarda su tattauna a rubuce ba tare da kowa ya buɗe baki ba. Ni dai abin bai shige ni ba. Ta yaya shiru zai yi maganin shiru? Ga shi yaran nan da yawansu Turancinsu sai a hankali, kuma ba mu da kwalin rubutu ba mu da biron maka. Don Allah zai yiwu a irin ajina ko na makarantun kuɗi ne?"

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka da alheri, ya kuma ƙara miki haƙuri da wannan aiki. In na fahimce ki da kyau abu uku kika haɗa a tambaya ɗaya: ko dabarar tana da ma'ana tun asali, ko yaran da Turanci ke ba wa wahala za su iya, da kuma ko za ta yiwu a aji mai cunkoso ba kayan aiki. Amsata ita ce e za ta yiwu, kuma a ganina ajinki ya fi ajin makarantar kuɗi mai yara ashirin buƙatarta, domin shi mai yara ashirin zai iya jin muryar kowa kafin a buga ƙararrawa, ke kuwa ba za ki taɓa iyawa ba. Amma akwai sharuɗɗa, kuma akwai yaran da dabarar ba za ta kai gare su ba sai kin yi musu wani tanadi daban, zan zo kan wannan.

Me ya sa suke shiru tun farko

Mu fara da lissafi kawai. Darasinki minti 40 ne. Ko da ke ba ki ce uffan ba daga farko har ƙarshe, kika raba mintunan nan ga yara 80, kowa rabin minti zai samu. To ai kuma dole ki yi bayani, ki rubuta a allo, ki tsawatar wa na baya. Tattaunawa ta baki kamar famfo ɗaya ne a unguwa ga bokiti tamanin a layi, mai ƙarfi da mai baki su ne za su ɗiba, sauran su koma gida da bokiti a bushe, gobe ma ba za su wahalar da kansu su fito ba. Tsarin ilimi na ƙasa ma bai amince ajin sakandare ya cika haka a hannun malami ɗaya ba, saboda haka kada ki ɗauka wai gazawarki ce ta sa mutum shida ke magana.

Abu na biyu shi ne sauri. Wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, wadda ita ma fanninta koyar da kimiyya ne, ta yi ta naɗar muryoyin darussa tana aunawa, a farkon shekarun 1970 ta fito da sakamakon cewa malami in ya yi tambaya kusan daƙiƙa ɗaya kawai yake jira kafin ya nuna wani, ko ya maimaita tambayar, ko ya amsa da kansa. Da aka horar da malamai suka riƙa jiran daƙiƙa uku ko fiye, sai amsoshin yara suka ƙara tsawo, masu cewa ban sani ba suka ragu, waɗanda ba su saba magana ba suka fara sa baki. Yanzu ki duba yaronmu, zai ji tambayar da Turanci, ya juya ta zuwa Hausa a kansa, ya nemo amsa, ya sake juya ta zuwa Turanci, sannan ya auna ko in ya faɗa za a yi masa dariya. Kafin ya gama duk wannan ɗan gaban aji ya riga ya amsa kin wuce.

Na uku kuma namu ne na gida, wato kunya da kawaici. Yarinya 'yar shekara goma sha uku ko sha huɗu da aka tarbiyyantar kada ta ɗaga murya gaban manya, ga kuma samari a ɗaya ɓangaren ajin suna jiran ta yi tuntuɓen harshe su mayar da shi sunanta har ƙarshen zango, wallahi shirunta hankali ne ba daƙiƙanci ba. Ni ba na ganin kunyar nan a matsayin cuta da za a cire wa yara. Abin da nake so shi ne a buɗe mata wata ƙofar da za ta fito da abin da ke kanta ba tare da ta ji ta zubar da mutuncinta ba.

To kin ga shirun da ke damun ki shiru ne na wanda bai samu layi ba, ko ya ji tsoro. Shirun da dabarar nan ke kawowa kuwa na mutum tamanin ne suna magana lokaci guda da biro. Dalilin hana buɗe baki kawai don kada masu bakin nan shida su sake ƙwace filin ne.

Asalin dabarar

Ba sabon abu ba ne. A Jamus tun ƙarshen shekarun 1960 wani mai suna Bernd Rohrbach ya fito da tsarin da ake kira 6-3-5 don ma'aikatan kamfanoni: mutum shida, kowa ya rubuta shawara uku cikin minti biyar, ya miƙa wa na kusa da shi ya ɗora a kai, in takarda ta zagayo cikin rabin awa an tara shawara har 108. Daga baya a 1987 wasu masana halayyar ɗan Adam su biyu, Diehl da Stroebe, suka binciki dalilin da ya sa mutane in sun zauna tare suna kawo shawara da baki sukan samar da ƙasa da abin da za su samar in kowa ya zauna shi kaɗai, suka gano babban dalilin shi ne jiran layi, kana jira wani ya gama sai abin da ke ranka ya gudu ko ka ga kamar bai da amfani kuma. A ɓangaren makarantu kuma akwai wadda ake kira Chalk Talk da cibiyar Project Zero ta jami'ar Harvard ta yaɗa sosai, da wadda ƙungiyar Facing History and Ourselves ke kira Big Paper, inda ake manna rubutu ko hoto a tsakiyar babbar takarda yara su kewaye ta suna rubuta ra'ayi suna ja wa juna layi. Mai yiwuwa ɗaya daga cikin biyun nan aka nuna muku a bitar, shi ya sa kika tafi da tunanin sai da kwali da maka da fili.

Yadda nake yi in aji ya cika

A ajin da ko ke da kyar kike ratsawa tsakanin benci, kada ki ce yara su tashi su zagaya, minti goma za ki ɓata wajen turereniya. Takarda ce za ta yi tafiya, yara na zaune. Kowane yaro ya ciro falle biyu na tsakiyar littafin rubutunsa, shi ke nan kayan aikin. In kina son babbar takarda, bayan tsohuwar kalanda ko bayan fosta yana yi, benci ɗaya takarda ɗaya, amma ni na fi son kowa da tasa saboda kowa ya san akwai takardar da za ta dawo hannunsa.

Bari in ba ki misali da darasin da ke cikin fanninki, na yadda ruwa ke zama tururi ya bi iska. Maimakon ki rubuta musu ma'ana a allo su kwafa, sai ki rubuta tambaya ɗaya: me ya sa ruwan randa ya fi ruwan jarka sanyi alhali a ɗaki ɗaya suke? Kowa ya kwafi tambayar a saman takardarsa, ya sa lambarsa ta rajista a gefe, ba suna ba. Ki ba su minti uku kowa ya rubuta abin da yake gani shi kaɗai kafin ya ga na kowa. Wannan matakin kada ki tsallake shi ko kina sauri, domin in yaro ya fara ganin amsar wanda ake ce wa gwanin aji to kwafa zai yi, tunaninsa ya mutu a nan.

Daga nan ki ƙwanƙwasa tebur, kowa ya miƙa takardarsa. Wanda ya karɓa zai karanta, ya sa lambarsa, ya mayar da martani da ɗaya daga cikin abu uku da kin riga kin rubuta a allo: na yarda saboda kaza, ban yarda ba saboda kaza, ko ina da tambaya. Kalmar saboda ɗin nan ita ce ran aikin. Ki faɗa musu tun farko "haka ne" ko "gaskiya ne" kaɗai ba amsa ba ce. Minti biyu zuwa uku kowane zagaye, zagaye uku ko huɗu ya isa, kuma zagayen baya ki ƙara musu lokaci don abin karantawa ya ƙaru. Wata dabara ƙarama, a zagaye na biyu ki sa monita ya kwashe takardun layi guda ya musanya da na wani layin can nesa, na ɓangaren mata su tsallaka ɓangaren maza, na maza su dawo na mata. Yaro ya san rubutun abokin zamansa, amma bai cika sanin na wadda ke can ƙarshen aji ba, sai ya amsa wa maganar maimakon mai maganar. A ƙarshe ki kira lambobi layi layi takardu su koma hannun masu su, ko monitoci su raba.

Irin abin da za ki gani a takardun nan shi ne ya sa nake son dabarar. Wani zai rubuta ai ƙasa da ma sanyi gare ta. Na biyu ya ce ban yarda ba, don in ka taka ƙasa da rana tsaka ƙona ƙafa take. Wata ta rubuta ni dai na lura bayan randarmu kullum a jiƙe yake kamar tana gumi. Wani ya tambaya to in tana yoyo me ya sa ruwan ba ya ƙarewa da wuri. Can sai ki ga wata da ba ki taɓa jin muryarta ba ta rubuta cewa randarsu ta fi sanyi lokacin zafi da iska busasshiya, da damina kuwa ba ta cika yin sanyi ba, me ya sa? Malama wannan tambayar ita ce darasin gaba ɗaya. Ruwa na tsattsafowa ta ƙananan ƙofofin jikin yumɓu, in ya zama tururi sai ya tafi da zafi daga jikin randar, kuma iska in ta bushe ta fi ɗaukar tururin, da damina iskar ta riga ta ƙoshi da laima. Yarinyar ta gano rabin wannan da idonta a tsakar gidansu, abin da ta rasa kawai wurin faɗa. Daga nan in kin ga dama ki kawo musu labarin Mohammed Bah Abba, malamin nan na jihar Jigawa da ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu kyautar karramawa ta kamfanin agogo na Rolex a shekarar 2000. Yara na jin daɗin sanin cewa abin da suka gama gardama a kai a takarda wani ɗan yankinsu ya mayar da shi abin amfani.

Ke kuma lokacin da suke rubutu ba zama za ki yi ba. Ki riƙa ratsawa da fensir ko biro shuɗi, ban da ja, don jan biro a idon yaro maki ne da gyara. Ki tsaya kan takarda ki rubuta tambaya gajera, me ya sa ka ce haka, ko in aka shafa wa randar fenti fa. Kada ki rubuta daidai ko kuskure. Kuma ke ma ki yi shirun, in kika fara magana da ƙarfi kin ba su lasisi. Ki riƙe lambobi uku ko huɗu a ranki waɗanda kika ga sun rubuta abin da za a gina darasi a kai.

Sannan dole a rufe da baki. Wannan nake ganin mutane sun fi sakaci da shi. In kika tattara takardu aka tashi, yaron da ya karanta "ƙasa da ma sanyi gare ta" har sau uku zai tafi gida da ita a matsayin gaskiya, musamman a kimiyya inda akwai amsar da ta fi wata inganci. Ki ware minti goma ko sha biyu na ƙarshe. Ki tambaya wa ya ga wata magana a takardarsa da ta sa ya canja ra'ayi, ko wa ya samu tambayar da ya kasa amsawa. Ki lura, ba ki ce ya faɗi nasa ra'ayin ba, na wani zai karanto, kuma wannan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba ga mai kunya, don in an yi dariya ba shi aka yi wa ba. A nan za ki ga hannayen da ba ki saba gani ba. Sai ki ɗaure zaren, ki ba su sunan abin a Turance yadda zai zo a jarrabawa, su rubuta jimla biyu a ƙasan takardarsu: da na ɗauka kaza, yanzu na gane kaza.

Maganar Turanci

Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne, ki bar su su rubuta da Hausa, ko su gauraya, duk wanda ya zo musu. Na san akwai malaman da za su ce ai jarrabawa da Turanci ake yi, kuma gaskiyarsu ne, amma ki tambayi kanki me kike nema a wannan minti goma sha biyar ɗin. In tunaninsu kike son gani kan randa, to kada ki sa musu shingen da zai hana tunanin fitowa. Yaron da aka tilasta wa Turancin da bai mallaka ba zai rubuta jimla ɗaya da ya haddace daga littafi ya ajiye biro, ke kuma ki ɗauka bai san komai ba. Abin da nake yi shi ne tattaunawar da kowane harshe, jimla biyun ƙarshe kuma da Turanci, da taimakon kalmomin da na rubuta a allo. A haka ya fahimci abin da harshensa, ya kuma fita da shi da harshen jarrabawa. In zango ya yi nisa sai ki riƙa ƙara kason Turancin a hankali, misali ki ba su farkon jimlolin martanin nan uku da Turanci su ƙarasa yadda suka iya.

Kuma kada ki gyara rubutu a takardun nan, ko harafi ɗaya, kada kuma ki ba su maki kan daidai ko kuskure. Ranar da suka gane ana kama kuskure a ciki, ranar za su koma rubuta abin da ba zai jawo musu matsala ba. In dole sai kin ba da maki don su ɗauki abin da muhimmanci, ki bayar kan cewa ya rubuta nasa kuma ya amsa wa mutum uku da dalili. Za ki iya samun yaron da ya taso a makarantar allo wanda ajami ya fi zauna masa a hannu fiye da boko, ni ina barin sa ya fara da shi in akwai masu iya karantawa a layinsa, don dai ya shiga cikin maganar.

Abin da ke lalata shi

Tambaya marar kyau ita ce ta farko. In kika tambayi abin da amsarsa ɗaya ce kuma tana cikin littafi, kamar a kawo ma'anar kaza ko a lissafo kaza guda biyar, mutum na farko zai rubuta, sauran ba su da abin cewa sai "na yarda". Tambayar da ke aiki ita ce wadda yaro zai iya shiga da abin da ya gani a gida ko a gona ko a kasuwa, kuma mutum biyu masu hankali za su iya saɓawa a kanta. Me ya sa ake ganin walƙiya kafin a ji tsawa. Me ya sa gishiri ke hana nama lalacewa. Ruwan da ya yi garau a ido dole ne ya zama mai tsabta? Ni lokacin da nake kashewa wajen zaɓen tambaya ya fi wanda nake kashewa kan sauran shirin darasin.

Sai zagi da shaƙiyanci. Zai faru, musamman karon farko da takardun maza suka shiga hannun mata ko na mata suka shiga hannun maza. Amfanin lambar rajista ke nan, ki sanar da su cewa rajista na hannunki kuma za ki karɓi takardun. In kin kama ɗaya ki yi maganinsa a gefe ba tare da kin karanta wa aji abin da ya rubuta ba, don karantawar lada ce a wurinsa. In kin san ajin na da rikici sosai ki fara da musanya tsakanin mata su kaɗai, maza su kaɗai, sai sun saba.

Karon farko kuma kada ki sa rai da yawa. Za su yi ta dariya ƙasa ƙasa, wasu su riƙa leƙen na kusa, wasu su tambaye ki Malama me za mu rubuta. Shekara da shekaru an koya musu cewa rubutu a aji kwafa ne daga allo, yau kin ce su rubuta abin da ke ransu, dole su yi turus. Ki fara da gajere, zagaye biyu kawai, kan abu mai sauƙi. Yawanci sai an maimaita kafin hannunsu ya saki. Ki kuma sa shi a rubuce cikin shirin darasinki, ki ɗan yi wa shugaban sashe ko firinsifal bayani, saboda mai duba aiki in ya leƙo ya ga ba kya gaban allo kina bayani zai iya ɗauka aikin aji kika ba su don ki huta.

Akwai wani wuri da nake so ki yi taka-tsantsan sosai. Manhajarku ta ƙaramar sakandare tana da batutuwa irin su balaga da shaye-shaye, kuma gaskiya rubutu na sa yara su tambayi abin da har abada ba za su tambaya da baki ba. Amma takardar da ke yawo hannu hannu ba sirri ba ce. Kada ki yi tambayar da za ta sa yaro ya tona kansa ko gidansu. Ki ɗora ta kan wani da ba ya nan, misali wani yaro abokansa na matsa masa ya gwada ƙwaya, me ke sa ƙin yarda ya yi masa wuya, me zai taimake shi. Tambayoyin da suka shafi jikinsu kuwa ki sa su rubuta a 'yar takarda ba lamba su jefa a kwali, ke kaɗai ki karanta. In kuma kika ci karo da rubutun da ke nuna ana cutar da yaro, wannan ya wuce darasi, ki neme shi a keɓe cikin natsuwa ki haɗa da malamin ba da shawara ko shugaban makaranta.

Inda dabarar ta tsaya

Duk abin da na faɗa ya ginu ne kan cewa yaro na iya rubuta jimla ko da ta Hausa ce, ya kuma karanta rubutun wani. Mu da ke cikin aji mun san a JSS 2 ta gwamnati akwai waɗanda ba su kai nan ba, kuma a wurinsu wannan dabarar na iya zama sabon wurin jin kunya, don takardarsa za ta tafi fayau kowa ya gani. Kafin ki fara ki san su waye. In 'yan kaɗan ne, ki haɗa kowanne da abokin da ya yarda da shi su zama lamba ɗaya takarda ɗaya, ki ba su izinin raɗa, ɗaya na faɗa ɗaya na rubutawa. Ki kuma halatta zane, yaro zai iya zana randa da kibiyoyi suna fita daga jikinta, kuma wannan amsa ce cikakkiya. Haka za ki yi wa mai matsalar gani, a karanta masa a kunne a rubuta masa. Amma in kin auna kin ga kusan rabin ajin ne ba sa iya rubutu, to ki ajiye wannan tukuna, ki yi amfani da mai sauƙinta: ki yi tambaya, kowa ya yi shiru minti ɗaya yana tunani, ya juya ya faɗa wa na kusa da shi, sannan ki zaɓi wanda zai faɗa wa aji. Ita ma tana raba layin magana, ba ta kuma buƙatar biro.

Ni a sakandare na yi aikina da ita, saboda haka abin da zan tsaya a kai ke nan, 'yan firamare na ƙasa kuwa ba na ba da shawarar a yi musu don hannunsu bai yi saurin da za a yi zance da shi ba. Binciken da na ambata ma na jiran layi ba a aji irin naki aka yi shi ba, na jiran daƙiƙa uku kuma a azuzuwan Amurka, suna bayyana mana dalilin da ya sa abin ke aiki ne, ba alƙawari ba ne cewa makin jarrabawa zai tashi. Kuma ba ta maye gurbin magana da baki. Yarinyar nan da ta yi tambayar damina wata rana za ta tsaya gaban mutane neman aiki ko kare aikinta na makaranta, dole ta koyi buɗe baki, rubutun tsani ne zuwa can. Shi ya sa bayan an saba nake zuwa wurin irinsu a gefe in ce abin da kika rubuta ya yi kyau, kin yarda in ambaci lambarki gobe, ko za ki karanta da kanki? Wata za ta ce a'a, ki ƙyale ta, wata kuma za ta ce to.

Kada ki yi shi kullum, sau ɗaya a mako biyu ya wadatar, ya fi dacewa a farkon sabon babi lokacin da kike son sanin me suka zo da shi daga gida, ko a ƙarshensa kafin gwaji. Takardu tamanin kuma ba sai kin karanta duka ba, ki ɗebi goma sha biyar daga layuka daban daban, ki fi mai da hankali kan na bayan aji, ki juya waɗanda za ki ɗiba a karo na gaba. Na ranar farko ki ɗaure su da roba ki ajiye a durowa da kwanan wata a kai, in zango ya ƙare ki fito da su ki jera da na ƙarshe ki duba tsawon abin da ke biyo bayan kalmar saboda.